Tiyar Dawar Da Na Ƙi Karɓa

Ni Kirista ne, kuma labarin da zan bayar ya shafi bangaskiyata, amma ba wa'azi na zo yi muku ba. Labari ne na yadda na ajiye aikin albashi a Kaduna na koma wani ƙauye a kudancin Jihar Kano don koyar da karatu, da yadda na shafe fiye da rabin shekara a can ina yabon kaina kan abin da na bari, kafin wata tsohuwa ta nuna mini cewa babban kayan yana nan a kaina ban sauke ba.

A Kaduna aka haife ni, iyayena kuma 'yan Kudancin Kaduna ne. Muna zaune a arewacin kogi har zuwa rikicin watan Fabrairun 2000, lokacin ina saurayi, muka kwashe abin da ya rage mana muka koma Sabon Tasha. Duk wanda ya san garin ya san abin da ya biyo baya, musamman da aka sake yin wani rikicin a 2002. Kogin Kaduna ya zama iyaka. Kiristoci suka yi ta komawa kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Television, Musulmi suka yi ta komawa su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Babu dokar da ta ce a yi haka, tsoro ne ya yi rabon. Da wannan lissafi na girma: a ƙetare gada da safe a je aiki, a tabbata an dawo gida kafin duhu.

Kuma gaskiya ban rasa komai ba a wancan zaman. Ina aikin akanta a wani kamfani, albashi yana shigowa kafin wata ya mutu. Ina hayar ɗaki biyu da falo, ga janareta, ga 'yar mota ta hannu. Matata tana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, muna da 'ya ɗaya. Daga albashina ake sayen maganin hawan jinin Mama, daga nan ake biyan kuɗin makarantar autanmu, domin Baba ya rasu tun ina aji uku a sakandare. A majami'a ni ne ma'ajin zumuntar matasa. Sujadar Turanci nake zuwa. Ta Hausa a ganina ta tsofaffi ce, ta su Mama da 'yan zumuntar mata masu buga tulu da caki.

Mutane kan tambaye ni yadda kiran ya zo, suna sa ran in ce mafarki na yi ko murya na ji. Ko ɗaya babu. A wani makon mishan aka gayyato wani mai bishara daga ƙauye ya yi magana. Ba shi da iya zance, rigarsa ta koɗe, minti 15 aka ba shi. Abu ɗaya ya faɗa da ya maƙale mini. Ya ce majami'u huɗu yake kula da su a ƙauyuka huɗu da keke ɗaya, kuma a ɗaya daga cikinsu babu babban mutum ko guda da ya iya karatu. Ran Lahadin da bai samu zuwa ba, sai su ɗauko Littafi Mai Tsarki su ɗora a kan tebur, su yi waƙoƙin da suka haddace, su yi addu'a, su mayar da shi cikin leda su watse. Ya ce ba kuɗi ya zo roƙo ba, mutum yake nema.

Ni kuwa kuɗi na bayar. Na ba da baiko mafi girma da na taɓa bayarwa, na koma gida da sanyin zuciya. Shekara ta zagayo na ninka. A ta uku na saya wa mai bisharar sabon keke. Ana ta sa mini albarka a gaban jama'a, amma ni na san abin da nake yi, shiru nake saya. Wanda ya san labarin Annabi Yunusa ya san cewa da aka aike shi Nineba bai zauna a gida ba, kuɗin jirgi ya biya ya nufi wani wajen. Ni ma kuɗin jirgi nake biya, sai dai nawa ana rubuta mini rasit. Duk da haka Littafin nan da ke cikin leda ya hana ni sakat. Ina gaban kwamfuta ina daidaita lissafi sai ya faɗo mini, ina tsakiyar waƙa a majami'a sai ya faɗo mini.

A irin wannan mako ne kuma ake maimaita mana tarihin da duk wanda ya tashi a majami'un da suka samo asali daga mishan ɗin SIM ya sani. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shiga yankin da Turawan lokacin ke kira Sudan: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo a jikinsa, ya sake gwadawa ciwo ya sake mayar da shi, sai a 1902 aka samu kafa tasha ta farko a Patigi. Muna yara muna jin labarin kamar na jaruman fim. Sai da abin ya zo kaina na tuna akwai mutum ta huɗu a ciki, wato mahaifiyar Gowans, wadda tana Toronto labarin mutuwar ɗanta ya iske ta. Ita da yardarta ɗanta ya tafi, ita ce ma ta ƙarfafa Bingham ya bi shi. Tawa uwar ba haka muka yi da ita ba.

Ranar da na gaya wa Mama tana tsintar wake a tire. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Wa ya kira ka?" Na ce Ubangiji. Ta ce, "To. Ni ma shekara nawa na yi ina durƙuso a gabansa, ina soya ƙosai a bakin titi, ina roƙo ya ba ka aiki ka riƙe ƙannenka. Ya amsa. Yanzu kana gaya mini ya canja shawara bai sanar da ni ba?" Na buɗe baki zan kawo aya, na rufe. Har yau ba ni da amsar da ta isa wannan tambaya, kuma ina shakkar duk wanda ya ce yana da ita a sauƙaƙe. Wanda aka kira shi ake tafa wa a majami'a, amma sau da yawa kuɗin tafiyar daga aljihun wasu yake fita.

Shi ya sa ban yi tsalle na fita ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Na ga waɗanda suka gaji da shugabansu a ofis, ko bashi ya yi musu katutu, suka sa wa gudunsu suna kira. Matata ce ta fara taka mini birki. Ta ce, "Maigida, in da gaske kira ne, ba zai lalace don ya jira ni ba. Ni ban ji komai ba tukuna." Shekara guda ta ɗauka. A cikin shekarar na kai maganar gaban dattawan ikkilisiya suka yi mini tambayoyi har na ji haushi, na ɗauki hutun aiki na je na yi kwana 14 a ƙauyen, na halarci horon koyar da manya karatu. Na sayar da motar na saya wa Mama injin markaɗe, na biya wa ƙanena kuɗin zango biyu. Daga baya matata ta je ta gani da idonta. Ta dawo ba ta ce uffan ba har kwana uku, sannan ta fara tambayar nawa ake sayar da fitila mai aiki da hasken rana.

Cikin rani muka tashi. Muka ƙetare gada da sassafe zuwa tashar Kawo, wannan karon ba da niyyar dawowa kafin duhu ba. Muka wuce Zariya, muka bar hanyar Kano a Kwanar Dangora, daga ƙarshe babura uku suka kwashe mu da kayanmu a kan hanyar turɓaya. Mama ba ta raka mu tasha ba.

Mutanen da na je wurinsu Maguzawa ne, wato Hausawan da suka daɗe a kan addinin gargajiya. Yau da yawansu sun musulunta, wasu sun zama Kirista, 'yan tsiraru suna nan a kan na iyaye. Manoma ne na gaske, dawa da gero da gyaɗa da barkono, gidajensu a warwatse kowanne a tsakiyar gonakinsa. Gidan da aka ba mu ɗaki na 'yan uwa uku ne uwa ɗaya uba ɗaya: babban yana kan gargajiya, na tsakiya Musulmi, ƙaramin dattijo ne a majami'a. Gandu ɗaya suke nomawa. Daren farko na kasa barci. Da asuba na ji kiran salla daf da kunnena, abin da rabona da jinsa kurkusa haka tun kafin mu bar arewacin kogi, sai gabana ya faɗi. Abin da ya biyo bayan kiran sallar shi ne sallamar na tsakiyan da kwanon koko a hannu. Ba zan ce zaman ba shi da nasa ƙaiƙayi ba, akwai maganganun fili da na aure da sukan tayar da jijiyar wuya. Amma tsoron da na ɗauko daga Kaduna bai sami wurin zama a gidan nan ba.

Rashin lantarki da jan guga a rijiya da masai na rami duk na saba da su cikin wata biyu. Har daɗi nake ji, domin kowace wahala tana ƙara mini daraja a idon kaina. Nakan hau tudun da ake samun sabis in sa hoton ɗakinmu na jinka a Facebook, abokai su yi ta rubuta mini cewa ni gwarzon bangaskiya ne. Ina amsa musu cewa ɗaukaka ta Allah ce, amma ina ƙirga masu yabon.

Abu na farko da ya fara huda wannan kumburi Hausa ce. Na tafi da tabbacin na iya Hausa, tun da da ita na tashi. Ashe wadda na iya ta unguwarmu ce, wadda ba ta raba mace da namiji, ba ta kuma san ƙ da ɗ da ɓ ba. In na ce "matata ya tafi rijiya" sai yara su ruga bayan danga su yi ta ƙyalƙyala dariya. Wata Lahadi aka ba ni addu'ar rufewa, na dage na roƙi Allah ya albarkaci kasarmu, ya yalwata ta, ya sa 'ya'yanmu su gaje ta. Amin ɗin ya fito a raunane. Da aka tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ƙasa dai kake nufi ko? Don kasa kam muna da ita a bayan rumbu, bara ma ta sare mana akuya, ba ma neman ƙari." Ku da kuke rubutu kuna ƙyale ƙugiyar harafi don waya ta ba ku wahala, ga irin abin da take hanawa.

Na yi dariya tare da su, amma a ciki na ji zafi. Ni mai digiri, na zo koya wa mutane karanta harshensu, ga shi ba na iya furta haruffa uku daga cikin waɗanda zan rubuta a allo. Maimakon in nemi gyara sai na ƙara tsare gida. Na tsara jadawali: aji kullum ƙarfe huɗu na yamma, da rajista, da jan layi a kan mai makara. Cikin rani abin ya tafi, mutum ashirin da wani abu a gindin tsamiya muna ba be bi bo bu. Da ruwan farko ya sauka sai aji ya koma mutum biyar, ya koma biyu, ya koma ni da alli. Na fusata. Lahadin da aka ba ni wa'azi na yi shi a kan ragwanci. Na tsaya gaban mutanen da ke fita gona tun kafin rana ta fito, su yi shuka su yi noman firi su yi maimai duk da hannu, tafin hannunsu kamar ƙirgi, ni da ban taɓa riƙe fartanya na awa guda ba, na kira su ragwaye a gaban Allah. Ba wanda ya tanka. Suka gaishe ni a bakin ƙofa kamar kullum. Na koma gida ina cewa wa'azi ya shige su.

Sai watan Agusta ya zo. Wanda bai zauna ƙauye ba bai san wannan wata ba. Gona ta yi kore shar, amma rumbu ya kusa kai ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, farashi a kasuwa ya hau. Mu ma abin bai ƙyale mu ba. Ɗan tallafin da muke samu ba ya kai wata, 'yarmu ta kwanta zazzaɓin cizon sauro ajiyarmu ta tafi a magani da kuɗin babur, rafi kuma ya cika ya raba mu da titi kwana da kwanaki. Wata safiya matata ta karkaɗe buhu ta nuna mini. Na ce kada ta gaya wa kowa. Kwana biyu muna dama wa yarinya kunu, mu muna shan ruwan zafi da sunan azumi.

Amma a ƙauye hayaƙi ke tona asirin gida. Akwai wata gwauruwa da kowa ke kira Iya, ta haura sittin, tana cikin biyun ƙarshe da suka daina zuwa aji. Ita ta lura murhunmu bai yi hayaƙin kirki ba. Da magariba ta yi sallama da ƙwarya a kai, tiya guda ta dawa da ɗan ƙullin kuka da daddawa. Na san inda ta ɗebo, na san jikoki uku take ciyarwa daga 'yar gayaunarta. Na ce, "Iya, Allah ya saka, amma ki mayar. Mu muka zo taimakonku, ba mu zo mu zame muku kaya ba." A zatona magana mai kyau na yi.

Ta sauke ƙwaryar a ƙasa, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Malam, tun da ka zo kake ba mu. Ka ba mu alli, ka ba mu littafi, ka ba mu magani, ka ba mu faɗa, duk mun karɓa. Ashe kai kaɗai Allah ya yi wa hannun bayarwa? Mu namu na karɓa ne kawai?" Ta juya ta tafi ta bar ƙwaryar. Matata ta fito ta ɗauka ba ta ko dube ni ba, ba a jima ba na ji turmi yana ƙara.

Ban ci tuwon nan da daɗi ba, amma na ci. A daren ne na gane abin da na ɗauko daga Kaduna wanda bai shiga buhu ba. Na bar fanka da mota da albashi, amma ban bar kujerar da na fi jin daɗinta ba, kujerar mai bayarwa. A gidanmu ni ake jira ƙarshen wata. A majami'a ni ne mai babban baiko. A ƙauye ni ne mai ilimi. Ko'ina hannuna a sama yake, kuma muddin yana sama babu mai iya gyara mini magana, babu mai ganin yunwata. Na canja jiha, na canja ɗaki, amma ina zaune daram inda nake.

Abin kunya, maganar tana cikin Littafin da na zo koya musu karantawa. A zamanin fari ba gidan attajiri aka aiki Annabi Iliya ba, wurin wata gwauruwa aka aike shi a Zarefat, wadda abin da ya rage mata ɗan gari ne da ɗan mai, kuma abin da ya fara yi a can shi ne roƙonta ruwa da abinci. Yesu ma da ya aiki almajiransa garuruwa ya hana su ɗaukar guzuri, su ci abin da masu gida suka ba su. Na sha karanta waɗannan a matsayin darasin dogara ga Allah. Ban taɓa lura ba cewa ta hannun mutane abincin ke biyowa, kuma mutanen nan da kake ganin kai ka zo taimakonsu. Ko Dokta Walter Miller, wanda ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna gaban Hausawan da ke can ya koyi harshen. Likita ne, amma da ɗalibta ya fara. Ni wannan ajin na tsallake.

Washegari na je gidan Iya na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta miƙo mini tulu in ɗebo mata ruwa. Ran Lahadi na tsaya gaban jama'a na janye wa'azin ragwanci. Ban taɓa ganin an janye wa'azi ba, amma na yi. Na yage jadawalin, na nemi a sa ni cikin gayya. Ranar farko kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, kunyar da na tayar ta karkace kamar tafiyar maciji, wata kunyar kuma ta rufe ni. Babban wan nan na gidanmu, wanda bai taɓa taka majami'a ba, shi ya zo ya gyara mini riƙon garma bai ce komai ba.

Tare muka sake tsarin aji. Su suka ce a bari sai an gama girbi da sussuka, maza su riƙa yi da dare bayan tuwo, mata da hantsi ran da ba kasuwa. Muka yi yarjejeniya: ni in koya musu harafi, su su koya mini furuci. Duk ranar da aka kama ni na mai da mace namiji, ko na ce baki a wurin baƙi, ni zan ɗebo ruwan shan aji. Na ɗebo ruwa ba adadi. Abin mamaki, ajin ya fi cika da aka sami damar yi wa malam dariya. Magidancin da ke jin nauyin ya kasa bambance b da d a gaban 'ya'yansa, da ya ga ni ma na kasa bambance d da ɗ a gaban kowa, sai ya saki jiki. Har matan na tsakiyan gidanmu suka shiga ajin mata, wanda matata ke riƙe da shi, don su iya karanta takardar asibiti da saƙon waya. Hausar da kuke karantawa yanzu a can na same ta. In kun ga daidai nasu ne, in kun ga kuskure na Sabon Tasha ne.

A rani na biyu, wata Lahadi mai bishara bai zo ba. Aka ɗauko Littafin daga leda aka ɗora a tebur, kowa ya juyo yana jira in tashi kamar yadda aka saba. Ban tashi ba. Can sai ƙaramin ɗan'uwan nan, dattijon, ya miƙe ya buɗe, ya sa yatsa, ya karanta aya biyar. Ya ɗauki kusan minti goma. Sau biyu ya sarƙe, daga bencin mata aka ɗago shi.

Ba zan rufe da cewa komai ya yi daidai ba, don bai yi ba. Ƙanena ya rasa shekara guda a makaranta da kuɗin da na bari ya ƙare, har yau kuma in muna hira akwai inda muke kaucewa. 'Yarmu tana zuwa makarantar da ba ta kai wadda ta bari ba, mu ke cike mata giɓin da dare. Na sha jin matata tana kuka a hankali don kada in ji. Abokan da muka fara aiki tare sun gina gidaje. Akwai daren da nakan zauna in yi lissafi, aikin da na iya ke nan, lissafin kuma ya ƙi fita. Mama kuwa wata takwas ta yi ba ta ɗaga wayata ba, sai dai ta matata.

Iya ta yi rani biyu kafin ta iya haɗa jimla. Na zaci abin da za ta fara nema shi ne ta karanta zabura. Sai ta ce takarda take so ta rubuta wa mahaifiyata. Kwana huɗu ta yi a kan layi uku, ba ta yarda na taɓa mata fensir ba. Ta gaishe ta, ta gaya mata ɗanta ya fara jin Hausa kuma ya iya cin abincin mutane, ta yi mata godiya da kyautar da ta ba su. Da Kirsimeti na kai takardar. Mama ta iya karatun Hausa, a ajin yamma na majami'ar ƙauyensu ta koya tana budurwa, a hannun wani malami da shi ma daga wani wuri ya zo. Ban taɓa tambayarta wa ya baro a gida ba. Ta sa tabarau ta karanta sau biyu, ta ninke ta sa cikin littafin waƙoƙinta. Ba ta ce mini komai ba.

Ranar da za mu koma ta haɗa ƙullin citta da mudu biyu na acca ta ce in kai wa Iya. Sannan ta miƙo mini wata 'yar takarda da ta yago daga littafin lissafin injin markaɗe. A mota, bayan mun bar Kawo, na kasa haƙuri na buɗe. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi lafiyar jikoki, a ƙasa ta rubuta: "Amma aro na ba ku, ba kyauta ba. Ku riƙe shi da kyau."

Iya da kanta ta karanta, a hankali, da yatsa. Ta yi dariya har da tafi, ta ce in gaya wa Mama ta ji, amma dai ba a sa ranar mayarwa ba. Muna can har yanzu, rani na biyar ke nan. Ajin bana zai fara da zarar an gama sussuka, kuma an riga an gaya mini tulun ɗebo ruwan yana nan yana jirana.